Tsuntsun da ke kuka a kangon bayanmu, shi ke ɗauke mini 'yan tsaki?

Maigadi_Sangotedo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu kiwo da waɗanda suka san tsuntsaye. Inda nake gadi a Sangotedo, gaba da Ajah, akwai wani fili da mai shi ya zagaye da katanga ya bar shi, ciyawa ta tashi ta fi tsayin mutum. Tun da ruwa ya sauka wani tsuntsu ya tare a ciki. Kansa baƙi wuluk har ƙeya, fikafikansa da bayansa ruwan goro, ƙirji da ciki fari mai ɗan dishi-dishi, jela doguwa baƙa, ido ja wur. Ya fi kurciya girma sosai amma bai kai hankaka ba. Da sassafe, ko in an ɗauke ruwa, sai ya hau katanga ya sunkuyar da kai yana kuka hu-hu-hu-hu, muryar tana yin ƙasa. Damuwata ita ce kazata ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin sai raguwa suke yi, kuma nakan gan shi yana sanɗa ta gindin katangar. Yaran maƙwabta sun ce in ba su dama su zo da danƙo. Ba na son ɗaukar alhakinsa, shi ya sa na fara zuwa nan. Wane tsuntsu ne, kuma yana cin 'yan tsaki?

Dan_Alaba_Rago:
Wa alaikumus salam. Ragon maza ne wannan, ko tantama babu. Jan idon da doguwar jelar sun isa shaida.

Mai_Lambu_Ojo:
Shi ne. Malam Maigadi, don Allah kada ka bari yaran nan su taɓa shi. Ni a lambu nake wuni, nan wajen Iyana Iba, muna alayyahu da latas da ugu da albasa mai lawashi, kuma a bakin kwatar da muke ɗibar ruwa akwai guda biyu, mace da namiji. Aikin da suke yi mini ko ɗan ƙodago ba zai yi ba. Fara, tsutsar ganye, dodon koɗi, duk suna bi kwami-kwami suna tsincewa. Dodon koɗi shi ne babban maƙiyin mai latas da damina, dare ɗaya sai ka tarar ya yi wa kwami rariya. Na sha ganin ragon maza ya kama shi, ya kai kan dutse yana bugawa har ɓawon ya fashe, ya zare naman ya haɗiye. In ka je bakin dutsen za ka ga ɓawo a warwatse. Tun da nake ban taɓa ganin ya taɓa ganye ko ɗaya ba.

Mai_Kaji_Ikorodu:
Mai lambu, kai ganye kake sayarwa, dole ka yabe shi. Tambayar da aka yi kan 'yan tsaki ce, kuma a nan kam ba zan wanke shi ba. Tsuntsun nan nama yake ci. Ƙadangare, kwaɗo, ɗan ɓera, ƙaramin maciji, duk yana haɗiyewa, yana kuma hawa sheƙar ƙananan tsuntsaye ya sha ƙwai ya cinye 'ya'ya. To wanda ya ci ɗan kurciya me zai hana shi cin tsakon kwana biyu in ya same shi ya ware daga uwarsa? Da idona na ga ya fito daga cikin darbejiya da ɗan tsuntsu tsirara a baki, iyayen suna bin sa da ihu, ko kallonsu bai yi ba.

Maman_Yan_Biyu:
Ni dai kukan nan nasa tsoro yake ba ni. Lokacin da muke zaune a Igando, kafin mu dawo Idi-Araba, da ya fara sai in ji gabana ya faɗi, na ɗauka mujiya ce ta fito da rana.

Baba_Obalende:
'Yata Maman 'yan biyu, ba mujiya ba ne, ba kuma abin tsoro ba ne. Mu da muka zo Ikko da daɗewa, da kukansa muke tashi. A wancan lokaci in ka wuce Maroko ka nufi Epe, daji ne da fadama da 'yan ƙauyukan masunta, ko a Ikoyi ma gidajen Turawa shinge ne na shuke-shuke ba katangar bulo ba, ko ina akwai shi. In ka kasa kunne da kyau, kukan kamar an kifa gora ne ruwa yana zuba, ɓul-ɓul-ɓul, ya sauka ƙasa sannan ya ɗan ɗago a ƙarshe. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba, ɗaya ya fara, ɗayan ya amsa daga wani wuri, su haɗa murya. Maƙwabtanmu Yarbawa elulu suke ce masa, suna cewa mai kiran ruwa ne. Yau a Obalende ko ka kwana kana saurare janareta kawai za ka ji.

Direban_Tirela_Apapa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu a hanya muke haɗuwa da shi. Tsakanin Jebba da Mokwa, da kuma dajin Birnin Gwari, sai ka ga ya faɗo daga ciyawar bakin titi yana son tsallakawa, tashinsa ƙasa-ƙasa, ya kaɗa fiffike sau kaɗan ya saki jiki, ya faɗa duhuwar ɗaya ɓangaren kamar an jefa shi. Motoci na take su da yawa, abin tausayi, don ba ya iya ɗagawa sama da sauri.

Yar_Agege:
Ku tsaya, ba shi ne wanda ake cewa ba ya yin sheƙa ba? A darasin ɗana na firamare an ce akwai tsuntsun da ke zuwa ya saka ƙwansa a sheƙar wani ya gudu, mai sheƙar ya yi ta wahalar reno. Hoton da na gani doguwar jela gare shi kamar yadda Malam Maigadi ya kwatanta. In dai shi ne, ai ba raggo kaɗai ba ne, macuci ne.

Malamar_Kimiyya_Agege:
'Yar'uwa, kin kawo magana mai muhimmanci, kuma nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu. Gaskiya ne ragon maza ɗan gidan su kuku ne, wato dangin tsuntsun da aka koya wa ɗanki. Dangi ne babba, ya haura kala 140 a duniya, amma waɗanda ke kai ƙwansu sheƙar wani ba su kai rabi ba. Ragon maza ba ya cikinsu ko kaɗan. Shi da kansa yake gina sheƙarsa, babba ce, dunƙulalliya mai rufi, ta ciyawa da ganye, ƙofa ta gefe, yakan ɓoye ta cikin sarƙaƙiya ko gindin kaba, ba ta da nisa da ƙasa sosai. Macen ta saka ƙwai farare biyu zuwa huɗu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikinsu. A wannan reshe na dangin macen ta fi namijin girma, kuma namijin ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar: ginin sheƙa, kwanci, da jigilar abinci in an ƙyanƙyashe. Saboda haka wanda Malam Maigadi ke gani yana sintiri a gindin katanga a wannan lokaci na damina, akwai yiwuwar uba ne da ke da bakuna a cikin ciyawar nan suna jiran sa. In aka harbe shi ba rai ɗaya aka kashe ba.

Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen jela wajen santimita 40 ne, kusan rabi duk jela ce. Masana suna kiransa Centropus senegalensis, tun 1766 wani masanin halittu mai suna Linnaeus ya shigar da shi cikin littafin sunayen halittu. Yana nan daga Senegal har Sudan da Habasha, akwai shi a Zambiya da Zimbabuwe, har a Masar ma ana samun sa a bakin kogin Nilu.

Yar_Agege:
Ikon Allah. To Malama, wanne ne mai ajiye ƙwan? Akwai shi a nan Legas?

Dalibi_Akoka:
Anti, bari in amsa kafin Malama ta dawo, don wannan shi ne abin da muke fita dubawa ranakun Asabar a bakin ruwan jami'a. Akwai shi, har kala-kala. Wanda ya fi sauƙin gani ƙarami ne, bai wuce santimita 20 ba, bayansa kore mai sheƙi da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, cikinsa fari. Inda duk kika ga kabare sun yi cincirindo a kan bishiya suna saƙa, to ki duba gefe, yana nan yana gewaye. Macen takan jira mai sheƙar ta fita, ta faɗa ciki ta saka ƙwai ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, sau da yawa ta ɗauke ɗaya daga na mai gidan. In ɗanta ya ƙyanƙyashe shi zai kawar da sauran ya mallake sheƙar. Kabare sun san shi, da sun hango shi sai su taru su bi shi da sara.

Akwai kuma wani babba mai tukku da zane-zanen fari a baya, wanda ya fi yawa a arewa. Shi a sheƙar hankaka yake sakawa. Amma ɗansa ba ya jefar da 'ya'yan hankakan, tare suke tashi, sai dai ya riga su buɗe baki ya fi su cin abinci.

Dan_Sakkwato_Mile12:
Tsaya ɗalibi! Ashe nan maganar ta fito. Mu tun muna yara muke jin hankaka mai da ɗan wani naka, ana ce muna hankaka ba ya ƙwai, na wasu yake sacewa ya kwanta a kai. In abin da ka faɗi haka yake, to mutanen da sun ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, suka ɗora mishi sata, alhali shi aka cuta.

Dalibi_Akoka:
Yaya, hankaka yana ƙwansa yana ƙyanƙyashe 'ya'yansa, wannan tabbas ne. Ko daga ganin baƙon ɗa a sheƙarsa karin maganar ta samo asali, ni ma zuciyata ta fi karkata can, don mai hawa giginya ko rimi da ya leƙa ya ga ɗan tsuntsu mai dabbare-dabbare ana ba shi abinci, me zai ce?

Mai_Kaji_Ikorodu:
Jama'a an bar maganar bawan Allah an koma kan hankaka. Mutum 'yan tsakinsa ke ƙarewa. Malam Maigadi, da rana suke ɓata ko da dare? A ina kazar take kwana?

Maigadi_Sangotedo:
Alhaji na gode. Yawanci da safe in na buɗe nake ganin sun ragu. A ƙarƙashin tsohon tankin ruwa suke kwana, na kare da katako da buhu. Ba na ganin gashi ko jini, tsakon kawai babu.

Mai_Kaji_Ikorodu:
To in haka ne, duk da abin da na faɗa a sama, wannan ba aikinsa ba ne. Ragon maza da rana yake farauta, da magariba ya shige duhuwa. Mai ɗaukar tsako da dare daga ƙarƙashin uwa, ba gashi ba jini, gafiya ce ko babban ɓera ko maciji. Katako da buhu ba sa hana su. Ga abin da za ka yi: ka tankaɗe toka ko yashi mai laushi ka baza zagaye da wurin kwanan da daddare, da asuba ka duba sawu kafin kazar ta fito ta tattake. Ɓera zai bar ƙananan sawu da jan wutsiya a tsakiya, maciji zai bar layi mai lanƙwasa. Sannan ka nemi waya mai ƙananan idanu, ba irin ta kejin manyan kaji ba, ka yi akurki ka ɗaga shi daga ƙasa. Mako uku na farko su ne masu haɗari.

Amma ban janye maganata ba, da rana in tsako ya ɓace hanya ya shiga ciyawar nan, ba zan rantse a kan ragon maza ba.

Abu_Okada_Badore:
Ni na ce shirwa ce. A garinmu in tsako ya ɓata ba a tambaya.

Dalibi_Akoka:
Yaya Abu, ɗaga kai ka duba sama yanzu, shirwa nawa za ka gani a Legas? Da rani suke cika garin nan, kan mayanka da bola da bakin ruwa. In damina ta kankama sai su bi ruwa su yi arewa, sai wajen Oktoba su fara dawowa. Kuma shirwa ba ta shiga ƙarƙashin tanki da dare. A wurin da ke kusa da fadama kamar Sangotedo ni guza zan ƙara a kan jerin Alhaji, yana hawa katanga, kuma yana son ƙwai da tsako ƙwarai.

Game da tokar nan, sawun ragon maza ma ba ya ɓuya. Yatsunsa biyu gaba suke kallo, biyu baya, ba kamar kaza mai uku gaba ɗaya baya ba. A ɗaya daga yatsun bayan akwai wani farce dogo miƙaƙƙe. In ya taka wurin za ka gane.

Hajiya_Mai_Abinci_Kara:
Ni tambayata daban ce. Ana cin sa? Akwai yaron da ke kawo mana itace, rannan na gan shi da guda ɗaya a rataye, ya ce gasawa zai yi.

Ustaz_Idi_Araba:
Hajiya, a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, an sauƙaƙa kan naman tsuntsaye gaba ɗaya in an yanka yadda shari'a ta ce, wasu mazhabobin kuma sun hana masu farauta da farce. Wannan babi ne daban. Abin da nake so in ja hankalin Malam Maigadi a kai shi ne yaran da ke son kawo danƙo. Su ba yunwa ce ta sa su ba, wasa ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. To ga Malama ta gaya mana mai yiwuwa wannan yana da 'ya'ya a sheƙa, ga shi laifin ma ba a tabbatar a kansa ba. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka ba da izini, Allah ya saka da alheri.

Dan_Sakkwato_Mile12:
Hajiya, nama nawa ke gare shi? Gashi ne da jela. In an fige bai kai tattabara ba.

Mai_Lambu_Ojo:
Tun da an zo maganar 'ya'yansa, bari in ba ku abin da na gani bara. Muna sharar bakin kwata sai lauje ya buɗe wata dunƙulen ciyawa a cikin kaba, ashe sheƙarsu ce. 'Ya'ya uku a ciki, fatarsu baƙa ƙirin, da wani farin gashi tsaye-tsaye a kai da baya irin na tsofaffi, ciki ƙato, baki buɗe. Yaron da ke taya ni ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, sai ya huro masa iska yana huci, sannan ya tsartuwar masa da wani baƙin ruwa daga baya. Warin nan, jama'a! Ya wanke da omo, ya goga ƙasa, har yamma hannun na tashi. Muka mayar da ɗan, muka jawo ganyen kaba muka rufe. Uban yana can kan reshe da ƙadangare a baki yana kallonmu, muna matsawa ya shige. Ba a daɗe ba na fara ganin su a ƙasa suna rarrafe cikin ciyawa, jela guntuwa, jiki duk zane-zane, ba su iya tashi ba tukuna.

Malamar_Kimiyya_Agege:
Malam mai lambu, abin da ka gani daidai yake da abin da aka rubuta a kansu. Warin nan makaminsu ne, da shi suke korar maciji da ɓera da duk mai son cin su. Kuma suna barin sheƙa tun ba su cika mako uku ba, kafin fiffike ya yi ƙwari, iyaye na bin su da abinci a cikin ciyawa. Shi ya sa yanke ciyawa a tsakiyar damina ke hallaka su da yawa, mai injin ba ya ma sanin ya bi ta kansu. Wanda ya tsinci ɗaya a ƙasa kada ya ce maraya ne ya kai gida, iyayen na kusa.

Tela_Epe:
Ku gafarce ni, ni nawa bai yi daidai da kwatancen Malam Maigadi ba. Wanda ke zuwa bayan shagona fiffiken ja ne, jelar ita ce, kukan shi ne, amma wuya da ƙirji baƙi ne, ba fari ko kaɗan. Ko wani ne daban?

Dalibi_Akoka:
Malam Tela ka yi sa'a, ni nema nake. Duba cikinsa. In kai da ƙirji baƙi ne, ciki kuma ja-ja, to ragon maza ne dai, wani launi ne da ke fitowa a yankin kudu mai yawan ruwa, nan ƙasar Yarbawa da gaɓar Gana. Da har an ɗauka wani tsuntsu ne daban, daga baya aka ga suna aure da masu farin ƙirjin. A arewa ba a cika ganin irinsa ba.

In kuwa jikin duka baƙi ne har ciki, fiffike kaɗai ne ja, kuma ya ɗan fi ƙanƙanta, to wani ɗan'uwansa ne da ke bin fadamu masu doguwar ciyawa da damina. Shi nasa al'amarin ya wuce na kowa. Macen ce ke kama yanki tana kuka tana korar sauran mata, tana da maza fiye da ɗaya, ta saka wa wannan ƙwai ta bar shi da kwanci da reno, ta wuce wurin wancan. A Tanzaniya aka fi yin bincike a kansa. Akwai kuma na uku, wanda ya fi ragon maza girma, kansa na sheƙin shuɗi, ba ya rabuwa da bakin ruwa. Epe kam duk ukun za su iya kasancewa. In ka samu hoto ko na waya ne ka turo.

Baba_Obalende:
Ɗana ɗalibi, Allah ya yi maka albarka. A ina mutum zai kai jikoki su ga irin waɗannan? Nawa a bene aka haife su, ban da tattabara da hankaka ba su san komai ba.

Dalibi_Akoka:
Amin Baba. Ka kai su gandun Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990. Hekta 78 ne na kurmi da fadama aka bari a tsakiyar gine-gine. Mutane gadar da aka rataya a saman itatuwa suke rububin hawa, mai tsawon mita 401, amma ragon maza ba a can sama yake ba. Ku bi ta filin ciyawar da ke can ciki, ku je da wuri kafin rana ta yi zafi da hayaniya. In an yi ruwa da dare ya fi, don da safe yakan fito ya hau kan wani ɗan kututture ya baza fikafikai da jela yana shan hantsi, gashin bayansa a tashe, ya daɗe a haka. Lokacin ne ake ganin jelar ba baƙa zalla ba ce, tana da sheƙin kore.

Masu sha'awa kuma, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, kowa na iya shiga da wayarsa ya riƙa rubuta abin da ya gani a unguwarsu. Masu gadi da masu lambu sun fi mu ganin abubuwa, don su ke wurin da asuba.

Direban_Tirela_Apapa:
Wai shi ma yana ƙaura irin ta shirwa? Don ina ganin sa a Kano ina ganin sa a nan.

Malamar_Kimiyya_Agege:
A'a Malam, na Kano daban na nan daban, shi mazauni ne, inda ya samu duhuwa nan yake shekara. Da wannan fiffiken nasa gajere ina zai je? Masu doguwar tafiya 'yan'uwansa ne masu ajiye ƙwai. Tun 2011 masana a Ingila suke ɗaura wa kukun ƙasarsu 'yar na'ura suna bin sa ta tauraron ɗan'adam, suka gano yana ƙetare Sahara ya je dazukan Kwango ya yi hunturu, in zai koma kuma ya biyo ta nan Afirka ta Yamma ya yi ƙiba kafin ya sake shiga hamada.

Zaman wuri ɗayan nan shi ne ƙarfin ragon maza, shi ne kuma rauninsa a gari irin Legas. A lissafin duniya ba ya cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, yana da yawa. Amma ba ya rayuwa a kan siminti. Ba kurmi yake nema ba, 'yar ciyawa mai tsayi da sarƙaƙiya da ɗan damshi sun ishe shi, irin kangon da ake magana a kai, ko bakin kwata, ko shingen makaranta. In aka cike fadama da yashi aka shimfiɗa intalok, hankaka da tattabara za su zauna, shi kuwa ya tafi ke nan. Makarantar da nake koyarwa muna da biyu a bayan ɗakin gwaji, aka sare shingen aka yi katanga, tun daga nan ban ƙara jin su ba, kuma har yau abin na damuna, don da su nake nuna wa ɗalibai darasin nan a zahiri.

Abu_Okada_Badore:
Malama, ki yi haƙuri, amma ciyawar da kike so a bari ita ce gidan maciji da sauro. Mu da ke kwana a irin wuraren nan mu muka san abin da muke gani. Ba za a ce mutum ya zauna da kububuwa don tsuntsu ya samu wurin kwana ba.

Mai_Lambu_Ojo:
Abu, ba wanda ya ce a bar ciyawa har bakin ƙofa. A share kewayen ɗaki, a bar ta can gefe. Kuma ka tuna shi kansa yana rage ƙananan macizai da ɓeraye. Ni abin da ya fi kashe su a wurinmu ma ba sara ba ne, maganin feshi ne. Wanda ya yi wa gonarsa feshi mai ƙarfi, fara ta mutu, tsuntsu ya zo ya tsince, shi ke nan.

Maigadi_Sangotedo:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na baza tokar kamar yadda Alhaji ya ce. Da safe na ga ƙananan sawu da jan wutsiya sun fito daga wani rami a gindin tankin, na toshe shi da fasassun kwalabe da siminti, na kuma mayar da kazar cikin kwando a ɗakina kafin in haɗa akurki. Yaran na ce musu a'a. Sai dai wata sabuwa ta taso: mai filin ya aiko cewa ƙarshen wata za a kawo masu yankan ciyawa, yana son ya fara zuba yashi. Na lura tsuntsun yana yawan shiga wata kaba da ke kusurwar gabas da abu a baki.

Malamar_Kimiyya_Agege:
To sheƙar na nan. Malam, in kana da fuska a wurin mai filin ko wakilinsa, ka roƙa a fara daga ɗaya ɓangaren a bar kusurwar nan ko da mako uku ne. Kada ka je ka buɗe don ka tabbatar, shigar da yake yi da abinci ta isa.

Mai_Kaji_Ikorodu:
Mai fili a Lekki da ya riga ya biya kuɗin tifa zai tsaya jiran ɗan tsuntsu? Ku dai gwada. Ni shawarata ga Maigadi ita ce kada sakin jiki ya sa ya saki 'yan tsakin nan da rana. Uban da ke ciyar da 'ya'ya uku ko huɗu ba ya zaɓen abin da zai kai musu.

Ustaz_Idi_Araba:
A gwada ɗin, Alhaji. Masu yankan ma yawanci 'yan'uwanmu ne, in Malam Maigadi ya nuna musu wurin ya ce su kewaye, ba sai magana ta kai ga mai fili ba. Yashi ba rana ɗaya ake gama zuba shi ba.

Tela_Epe:
Ɗalibi, na duba nawa yau da ya sauko kan tulin yayi. Cikin ja ne. Hoton bai fito sosai ba don ta bayan taga na ɗauka, amma zan tura maka ta akwatinka. Akwai wani mai farin ƙirji da ke biye da shi, tare suke kiwo.

Dalibi_Akoka:
Turo Malam, ko ya yi duhu. Ka gaya mini kuma wanne ya fi girma a cikin biyun, da wajen ƙarfe nawa suke fitowa, in Allah ya yarda Asabar zan shigo motar Epe.